Zumunta a Ƙafa Take: Labarin Masu Bishara a Ƙasar Adar

Jama'a masu karatu, kowa ya san ciwon yunwa, kowa ya san ciwon ƙishirwa. Amma akwai wani ciwo wanda ido ba ya gani, ba a kuwa sayar da maganinsa a kasuwa. Sunansa kaɗaici. Mutum yakan zauna tsakiyar gari, ana daka ana tankaɗe kewaye da shi, amma babu mai tambayarsa yadda ya kwana. Wani kuma yana da ci yana da sha, sai dai zuciyarsa cike take da tambaya a kan Allah, da mutuwa, da gafara, ya rasa wanda zai zauna ya saurare shi.

Kiristoci sun ce an kira su musamman su nemi irin waɗannan mutane. A wannan fitowa za mu duba yadda kiran nan ya iso birnin Tawa da arewacin Adar, da waɗanda suka kawo shi, da abin da suka iya, da inda suka gaza. A ƙidayar jama'a ta 2012, Kiristoci ba su kai mutum ɗaya cikin ɗari ba a Nijar. Saboda haka kada ku sa ran jin labarin babban taro. Labari ne na mutum ɗaya da ya tafi wurin mutum ɗaya.

Inda kiran ya samo asali

Tushen abin yana cikin Littafi Mai Tsarki. A Bishara ta hannun Luka, sura 15, Yesu Almasihu ya ba da misalin makiyayi mai tumaki ɗari. Guda ɗaya ta ɓace. Makiyayin ya bar sauran, ya bi sawun wadda ta ɓata har ya same ta, ya saɓo ta a kafaɗa. Duk Bafilatani da Buzu ya san wannan hali, ba sai an fassara masa ba.

A Bishara ta hannun Yohanna, sura 4, akwai labarin wata mace da ta zo ɗiban ruwa ita kaɗai da tsakar rana. Mata kuwa da safe ko da maraice sukan je rijiya, a ƙungiya, suna taɗi. Yesu ya roƙe ta ruwan sha, ko da yake kabilarsa da tata ba sa ga maciji da juna, ya zauna ya amsa tambayoyinta a kan sujada. A Markus, sura 1, kuturu ya roƙe shi, ya miƙa hannu ya taɓa shi a zamanin da kowa ke gudun kutare. A Ayyukan Manzanni kuma, sura 8, wani babban ma'aji na ƙasar Habasha yana tafe cikin hamada, yana karanta littafin da bai gane ba. Filibus ya matso, ya hau keken dokinsa, suka karanta tare.

Ku lura da abu ɗaya cikin labaran nan huɗu. Ba a aika wa kowa sammaci ya zo ba. Mai nema shi ne ya taka da ƙafarsa.

Ƙasar Adar da mutanenta

Adar ƙasa ce ta duwatsu da kwaruruka. A kudu akwai gulaben Majiya da Keita da Badagishiri, inda ake noman gero da dawa da albasa. In ka wuce Tawa ka yi arewa, sai gonaki su ragu, ka shiga Azawak, ƙasar makiyaya, inda Abalak da Cintabaradan suke. Tawa tana tsakani, nan manomi da makiyayi ke haɗuwa a kasuwa.

Tun da can Aznan Adar suna da nasu tsafi da bori. Wajen ƙarshen ƙarni na 17, Agabba, ɗan Sarkin Agadas, ya ci ƙasar, zuriyarsa kuwa suka riƙe sarautar Adar, wadda daga baya ta zauna a Illela. Musulunci ya yi ta kafuwa. Malam Jibrilu ɗan Umaru, malamin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya zauna a ƙasar nan. Faransawa kuma suka kafa bariki a Tawa a farkon shekarun 1900. Watau masu bishara ba su tarar da mutane marasa sanin Allah ba. Sun tarar da malamai, da masallatai, da jama'a masu zumunci, masu gayya, masu girmama baƙo.

To, in haka ne, wa ya kaɗaita a Adar? Ga su nan. Akwai kuturu, wanda ba a cin tuwo ƙwarya ɗaya da shi. Akwai matar da doguwar naƙuda ta bar ta da yoyon fitsari, miji ya sake ta, ta koma bayan ɗakin uwarta. Akwai bawa da ɗan bawa, wanda aka ce ya ƴantu amma bai da dabba bai da gona. Akwai matan ƴan ci rani, gama Adarawa sun shahara da tafiya: Kano, Ikko, Kumasi, Abijan, daga baya Libiya da Aljeriya. Wani ya tafi da niyyar wata shida, sai ya shekara biyar babu wasiƙa. Akwai kuma baƙon ma'aikaci da aka turo daga Dahome ko Togo, ba ya jin Hausa, ba shi da kowa. Waɗannan su ne mutanen labarinmu.

Hanyar kudu

Kiran ya nufo Adar ta hanya biyu. Bari mu fara da ta kudu.

A watan Disamba 1893, samari uku suka sauka a Ikko daga Kanada da Amurka: Walter Gowans, da Thomas Kent, da Rowland Bingham. Nufinsu su kai Bishara cikin ƙasashen da Turawa ke kira Sudan, watau ƙasar Hausa da maƙwabtanta. Cikin 1894 zazzaɓi da ciwon ciki suka kashe biyu, Gowans a Girku, Kent a Bida. Bingham ya koma gida da ciwo. Bai fid da rai ba. A 1902 ƙungiyarsa, wadda aka sani da SIM, ta sami wurin zama a Patigi, bakin Kwara.

A wannan zamani wani abu ya faru a ƙasar Zazzau wanda ya nuna lalle akwai masu nema. Tun cikin ƙarni na 19 wani malami a Kano, Malam Ibrahim, ya yi ta nazarin abin da Alƙur'ani ya faɗa a kan Annabi Isa, har ya tara almajirai. Aka kashe shi saboda koyarwarsa, mabiyansa suka watse, ana kiransu Isawa. Shekaru da yawa jikokinsu suna riƙe da maganarsa, suna jiran wanda zai ƙara musu bayani. A 1913 waɗansu daga cikinsu suka iske Likita Miller a Zariya. Aka kafa musu ƙauye a Gimi. Ciwon barci ya faɗa wa ƙauyen, ya kashe mutane da yawa, sauran suka koma Zariya, daga nan Wusasa. Daga wannan ƴar jama'a aka sami malamai da likitoci na farko-farko a Arewacin Nijeriya. Miller da abokan aikinsa kuma su ne suka yi wahalar fassara, har Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa a 1932.

SIM ta shigo Nijar a 1924, ta sauka a Damagaram. Kafin 1930 ta buɗe wani wuri a Tsibirin Gobir, kusa da Maraɗi. Faransawa ba su saki jiki da su ba, don masu jin Ingilishi ne. Kowane fili da kowace ƴar rumfar magani sai an daɗe ana neman izini. Sannu a hankali aikin ya yi yamma, zuwa Madawa da Dogon Dutsi, har Tawa. Waɗanda suka fara kusantarsu yawanci ba manyan gari ba ne. Marayu ne, da baƙi, da masu gyambon da ya ƙi warkewa, da samari masu son sanin abin da ke cikin takarda.

Hanyar arewa

Hanya ta biyu ta biyo ta hamada. Wani Bafaranshe mai suna Charles de Foucauld, ɗan masu arziki, ya yi soja, ya yi sharholiya, ya bar addini. Da ya yi tafiya a Maroko ya ga yadda Musulmi ke tsayar da salla, sai zuciyarsa ta motsa, ya koma neman Allah. Shi kansa mai nema ne kafin ya zama mai neman waɗansu. Ya zama limamin Katolika, kuma a 1905 ya tafi Tamanrasat, a kudancin Aljeriya, ya gina ɗan ɗaki cikin Abzinawan Ahaggar.

Bai tara mabiya ba. Ya zauna yana koyon harshensu, yana rubuta kalmominsu ɗaya ɗaya, har ya haɗa babban ƙamus wanda masana ke amfani da shi har wa yau. Sa'ad da fari ya zo a 1907, ya rarraba abincinsa duka. A farkon 1908 ya kwanta ciwo, ya kusa mutuwa, ba kowa nasa a kusa. Abzinawa suka bi zango zango suna neman awaki masu ɗan sauran nono, suka yi ta ba shi har ya tashi. Wanda ya zo neman kaɗaitattu, ga shi su ne suka cece shi. Daga nan ya gane cewa wanda ba ya karɓa ba zai iya zama ɗan'uwa ba. An harbe shi a ƙofar gidansa ran 1 ga Disamba 1916, cikin hargitsin yaƙi, ƴan kwanaki kafin Kawusan ya kewaye barikin Faransawa a Agadas. Ikilisiyar Katolika ta sa shi cikin tsarkaka a 2022.

Bayan mutuwarsa waɗansu suka bi sawunsa. A 1939 aka kafa ƙungiyar mata masu zaman zuhudu da ake kira Ƙananan Ƴan'uwa Mata na Yesu. Waɗansunsu sun zo Nijar, sun zauna cikin makiyaya a bukka irin tasu, suna ɗiban ruwa a rijiya ɗaya da su. Wani limami kuma, Jean Ploussard, ya zauna da Abzinawa a Cirozerin, arewa da Agadas, ya fara ƴar lakwal domin ƴaƴansu. Ya rasu a 1962, bai kai shekara 35 ba, amma aikin bai mutu ba.

A garuruwa irin su Tawa da Birnin Ƙonni, majami'ar Katolika ta fara ne da baƙin ma'aikata daga Dahome da Togo da Haute-Volta, wadda yanzu ake kira Burkina Faso. Ga wanda ya baro danginsa kwana da kwanaki a mota, haɗuwar Lahadi ita ce dangi. A 2001 aka kafa Maraɗi ta zama mazaunin bishop, jihar Tawa kuwa tana ƙarƙashinta. Bishop na farko shi ne Ambroise Ouédraogo.

Galmi da Danja

A jihar Tawa, babu sunan da ya kai Galmi in ana zancen ƴan mishan. Garin albasa ne a kan babbar hanya, tsakanin Ƙonni da Madawa. A 1950 wani likita Ba'amurke, Burt Long, da matarsa Ruth suka buɗe asibiti a nan ƙarƙashin SIM. A lokacin, wanda ƙaba ta murɗe masa ko macen da haihuwa ta gardama, sai a ɗora a kan jaki ko raƙumi, sau da yawa kuwa a hanya rai ke fita. Labarin likitan da ke yanka ya ɗinke ya bazu. Mutane suka riƙa zuwa daga Buza, da Keita, da Tawa, da Abalak, har daga Sakkwato.

Aikin fiɗa rabin labarin ne. Buzun da aka kawo daga Azawak yakan kwanta mako uku cikin mutanen da ba su jin harshensa. Tsohuwar da ɗanta ke Abijan ba ta da mai jinya. Masu bishara ƴan ƙasa su ne ke zagaya ɗakuna, su durƙusa bakin gado.

"Sannu Inna. Ina gajiya? Yaya jikin?"

"Da sauƙi, ɗana. Allah shi yi maka albarka."

"Inna, wa ke tare da ke?"

Sau da yawa amsar wannan tambaya ta uku ita ke buɗe bakin da ya daɗe a rufe.

A 1956 SIM ta buɗe asibitin kutare a Danja, kudu da Maraɗi, kutaren Adar ma sun je can. A garuruwan Hausa kutare suna da sarkinsu da unguwarsu, ana kuwa ba su sadaka. Amma sadaka daga nesa ake miƙa ta. A Danja sai ga mai wanke gyambo da hannunsa, ga mai ɗinka wa mutum takalmin da ya dace da ƙafarsa. Waɗansu sun warke sun koma gida, waɗansu sun yi aure a can, waɗansu sun zama Kirista, da yawa kuma sun ci gaba da sallarsu.

A nan ya kamata mai karatu ya riƙe wani ilimi. Kuturta ba gado ba ce, ba sammu ba ce. Ƙwayar cuta ce, wadda wani likita a ƙasar Norwe, Hansen, ya gano a 1873. Tun farkon shekarun 1980 akwai haɗin magunguna da ke kashe ta cikin wata 6 zuwa 12, kuma tun 1995 kyauta ake ba da shi. Wanda ya fara shan magani ba ya sa wa kowa. In ka ga tabo a fata wanda ba ya jin taɓi, ka hanzarta zuwa likita kafin yatsu su lalace. Haka kuma yoyon fitsari yana gyaruwa da fiɗa. A 2012 aka buɗe sashe na musamman dominsa a Danja.

Takarda da akwatin rediyo

Akwai mai nema wanda ba ya iya zuwa wurin kowa, don kunya ko don tsoro. Ga irinsa, takarda ta zama abokiya. Ƴan mishan sun dage a kan koyar da karatun Hausa da baƙaƙen boko, domin kowa ya karanta da kansa. A ƙauyuka da dama, ajin dare na mai bishara, da fitilar ƙwai da allo, ya riga ajin yaƙi da jahilci na gwamnati. Wanda ya koya don ya karanta Bishara, shi ne kuma ya zama mai karanta wa matan unguwa wasiƙun mazansu daga Kumasi, ya rubuta musu amsa.

Sa'an nan rediyo ya zo. Gidan ELWA ya fara watsa shiri daga Monrobiya ta Laberiya a 1954, yana kuwa da shirin Hausa. Daga 1963 zuwa 1977 Muryar Bishara tana fitowa daga Adis Ababa, ana haɗa shirinta na Hausa a Jos. Makiyayi a bakin rijiya yana iya murɗa akwatinsa da dare ya saurara, ba wanda ya sani. Bayan rediyo aka yi zamanin kaset, yanzu kuma ga wayar hannu. An fassara Sabon Alkawari zuwa Tamajak, harshen Buzayen Azawak, mutum yana iya jin sa da harshen da uwarsa ta yi masa rarrashi.

Duk da haka masu aikin sun ga iyakar na'ura. Akwati yana magana, amma ba ya sauraro. In tambaya ta taso wa mutum da tsakar dare, sai ya nemi mai rai.

Shekarun fari

Farin 1973 da 1974 ya share garken arewa. Na 1984 ya ƙarasa abin da ya saura. Mutanen da ba su taɓa roƙo ba suka gangaro Tawa da Abalak da Cintabaradan, suka kafa bukkokin tsumma a bayan gari. Ga makiyayi, rasa dabba ya wuce rasa abinci. Da dabba ake aure, da ita ake suna, da ita ake karɓar baƙo. Wanda ba shi da ko akuya yakan ji kunyar shiga cikin ƴan'uwansa. Samari da yawa suka wuce Aljeriya da Libiya.

Gwamnati da ƙungiyoyi iri iri sun kawo agaji, na Kirista suna ciki. Amma motar hatsi takan zo ta juya. Bayan fari kuma sai ga tashin hankali. A watan Mayu 1990 aka zubar da jini a Cintabaradan, tawaye ya biyo baya, sai ran 24 ga Afrilu 1995 aka sa hannu a kan sulhu. A irin wannan lokaci ake gane bambancin mai kawo kaya da mai zama.

Abin da ya faru a Abalak

Cikin waɗanda suka zauna akwai wani Ba'amurke, Jeffery Woodke. Tun farkon shekarun 1990 yake aiki a Abalak tare da wata ƙungiyar Kirista ta ƙasa mai suna JEMED. Aikinsu shi ne taimakon Buzaye da Fulani su sami wurin dogara: rijiyoyi, da bankin hatsi, da lakwal domin yara, da dabbobin da za a sake kafa garke. Ya koyi harshen mutane, ya sha shayi a zangonsu fiye da shekara ashirin.

Da daren 14 ga Oktoba 2016 ƴan bindiga suka faɗa gidansa. Suka kashe mutum biyu ƴan Nijar masu gadinsa, suka tafi da shi wajen Mali. Ya yi fiye da shekara shida a hannunsu cikin hamada, sau da yawa a ɗaure. Sai ran 20 ga Maris 2023 aka sako shi, aka kawo shi Yamai. Wanda ya zo domin waɗanda aka manta, ya ɗanɗani kaɗaici irin wanda ba ya faɗuwa. Mutanen Abalak, Musulmi, sun yi baƙin cikin sace shi ƙwarai. Kada kuma a manta da mutum biyun da suka mutu a ƙofarsa, gama su ma suna da iyali.

Rashin zaman lafiya bai tsaya a kan baƙi ba. Ran 21 ga Maris 2021 aka kashe mutum 137 a ƙauyukan yankin Tiliya, arewa maso yamma da Tawa. Dubban mutane suka bar gidajensu. Turawa ba sa iya yawo a arewa kamar da. Nauyin ya koma kan ƴan ƙasa.

Inda aka gaza

Tarihi na gaskiya ba ya ɓoye aibu. Da fari, a ɗakunan magani da yawa, sai mara lafiya ya zauna ya ji wa'azi kafin a duba shi. Mutane suka ce ana sa magani a bakin ƙugiya. Wanda ciwo ya kawo ba shi da ikon cewa a'a, kuma abin da aka karɓa don dole ba ya shiga zuciya.

Na biyu, waɗansu ƴan mishan sun zo da raini. Ba su tsaya sun san abin da malamai suka sani ba, sun ɗauki al'adar mutane duk duhu ce. Na uku, SIM ta daɗe ba ta kula da ilimin Faransanci ba, ga shi kuwa da shi ake samun aiki. Da Nijar ta sami mulkin kai ran 3 ga Agusta 1960, ƴaƴan Kiristoci da yawa suka ga an bar su a baya. A farkon shekarun 1960 aka kafa ikilisiyar ƴan ƙasa, wadda ake kira EERN, amma an daɗe ana ja-in-ja a kan wa ke riƙe da kuɗi da filaye. Daga baya saɓani ya shiga tsakanin ƴan ƙasa su kansu, ikilisiyar ta rabu.

Akwai abu na huɗu, shi ne mafi nauyi. Mutumin da ya karɓi Bishara a ƙauyen Adar yakan shiga sabon kaɗaici. Ana iya raba shi da matarsa, a hana shi gado, a daina cin yankansa, a ce ba za a bizne shi cikin dangi ba. Iyayensa ma suna cikin baƙin ciki, gama a ganinsu ɗansu ya ɓata. In wanda ya kira shi ya hau mota ya koma ƙasarsu, wa ya rage masa? Ikilisiya ta koyi darasi mai tsada a nan. Kada ka kira mutum in ba ka shirya zama danginsa ba, ranar suna da ranar makoki. Kada kuma ka zuga shi ya yanke zumunci da iyayensa. Da yawa waɗanda suka yi haƙuri, suka ci gaba da gaisuwa da aika hatsi gida, sun ga ƙofa ta sake buɗewa bayan shekaru.

A ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015, bayan wata jarida a Faransa ta yi zanen ɓatanci ga Annabi, aka ƙone majami'u da yawa a Damagaram da Yamai, aka rasa rayuka. Kiristocin Nijar ba su da hannu a zanen. A ranakun nan akwai Musulmi da suka ɓoye maƙwabtansu Kirista a cikin gidajensu. Ba wa'azi ne ya sa su ba. Shekarun gaisuwa da cuɗanya ne suka biya.

Abin da ya rage gare mu

In ka auna aikin shekara ɗari a Nijar da yawan waɗanda suka shiga majami'a, sai ka ce an yi asara. In ka auna shi da kuturun da aka taɓa, da macen da ta bushe ta koma cikin mata, da makiyayin da ya sake jin kukan ɗan raƙumi a zangonsa, da mai tambayar da aka saurara masa ba tare da tsawa ba, sai lissafi ya sake. Abin da ya ɗore a Adar shi ne abin da aka yi da zama, da koyon harshe, da karɓar ruwan da aka miƙo.

Yau masu ɗauke da kiran nan a Tawa ƴan ƙasa ne: fasto mai ƴar gonarsa, da ma'aikaciyar asibiti, da malamin lakwal, da matan zumunta masu zuwa gaida mara lafiya da ƙwaryar fura. Kaɗaitattu kuwa ba su ƙare ba. Ga wanda aka koro daga Aljeriya ta Asamaka, ya dawo hannu wofi yana jin kunyar shiga gida. Ga ɗan gudun hijira a bayan gari. Ga na gidan kaso wanda ba mai kai masa tuwo. Ga tsohuwar da ƴaƴanta ke aiko kuɗi ta waya, amma ta shekara ba ta ga fuskarsu ba.

Musulmi ma an umarce shi da gaida mara lafiya da kula da maƙwabci, saboda haka wannan magana ta shafi kowa. Ya kai mai karatu, ka duba unguwarku. Wace ƙofa ce aka daɗe ba a yi mata sallama ba? Ka tafi da kanka. Ka zauna a tabarmarsa, in an ba ka ruwa ka sha. Ka fi sauraro a kan magana. In ya tambaye ka abin da ka gaskata, ka faɗa masa da gaskiya da ladabi, ka bar shi da Allah, gama zuciya ba ta buɗuwa da ƙarfi. In yana da wasiƙa ko takardar likita, tun da yanzu ka iya karatu, ka karanta masa. Mako mai zuwa kuma ka koma.

Allah ya ba mu zaman lafiya a Adar da Azawak, ya sa damina ta yi albarka. Amin.